Kaset a Alkukin Zaure

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba korar da aka yi mini ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ci mini rai, da yatsana na danna.

Sunana Hamisu, ɗan Fagge ne ni a Kano, gyaran rediyo sana'ata. Na shigo garin Tawa shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, lokacin da sabon rediyo ya gagari kowa, ga siyasa ta yi zafi, kowane tsoho so yake ya ji abin da jam'iyyarsa ta ce da safe. Wani mai shago a bakin babbar kasuwa ya aika Kano a samo masa mai hannu, aka ce ni. Na gaya wa abokaina ƙasar waje zan tafi aiki. Ban dai gaya musu ta Kwanni ake bi ba, a bayan akori-kura, kan buhunan gishiri.

Gidan Baba Alhusaini mai albasa aka kai ni. Ya nuna mini wani ɗaki a gefen zaure.

"Na ɗan ƙanwata na, Illa. Shina Abijan. Ka zamna kahin shi komo."

Ɗaki aka ce. Awaki uku na tarar a ciki, kowacce tana kallona kamar ni ne baƙon, kuma gaskiyarsu ce. Gidan zanzaro a kowane lungu, kwanon sama ya huje wuri biyar.

Na tuɓe riga. Na kwashe kashin awaki, na yi yaɓe, na shafa farar ƙasa, na toshe kwano da kwalta. Na jawo wayar wuta daga zaure, wadda su suke ce wa kuran. Na kafa ƙusa, na rataya labulen da Innata ta ɗinka mini, mai shuɗin fure. Wata uku ina wannan hidima. Na koyi cewa pil maimakon batir, na koyi shan fura sau uku a yini ba tare da na tambayi ina shinkafa ba, na koyi ciro katin shaidata tun kafin jandarma ya buɗe baki.

Duk wadda ta koya mini waɗannan, Zaliha ce, 'yar Baba Alhusaini.

Malamar lakol ce, wato makarantar boko, amma malamai suna yajin aiki, don haka kullum tana gida. "Ɗan Ingilishi" take ce mini, wai haka kakanninta suke kiran mutanen Najeriya. Sau biyar ta kawo mini ƙaramin rediyonta gyara. Sau biyar na buɗe shi ban ga abin da ya same shi ba. Na biyar ɗin ma pil kawai aka juya.

To ku gaya mini, wane namiji ne ba zai gane ba?

A zauren gidan akwai wani alkuki a bango, irin wanda ake ajiye fitila. Na lura duk ranar Laraba da hantsi Zaliha sai ta zo ta zura hannu ciki ta laluba, ta koma. Na ce a raina, ashe nan ce ma'ajiyarta.

Mu a Fagge, saurayin da bakinsa ya yi nauyi kaset yake yi wa budurwa. Ta saka a ƙarƙashin filo, ta ji ita kaɗai. Ni bakina bai taɓa nauyi ba, amma gaban Zaliha sai in tsinci kaina ina yi mata bayanin waya ja da waya baƙa. Don haka na sayi sabon kaset, na rufe shago lokacin azahar, na cika fuska ɗaya da magana. Na naɗe shi a takardar siminti, na rubuta sunanta. Laraba da sassafe na jefa shi a alkuki na wuce kasuwa ina fito.

Wa ya gaya mini ran Laraba motar Abijan take shigowa? Wa ya gaya mini a wannan alkukin ɗan kamasho yake ajiye saƙon gidan? Wata uku ina cin tuwonsu, ba wanda ya ga ya dace ya faɗa mini.

*

Bayan la'asar na dawo, na tarar tsakar gida cike. An shimfiɗa tabarmi, maƙwabta mata sun jeru jikin bango, tsofaffi maza uku suna gefen Baba, an ɗora shayi a kan gawayi.

A tsakiya wata mata ce zaune, doguwa, ta sha lulluɓi, tana rungume da wani abu a ƙirji. Gwaggo Habi ce, ƙanwar Baba, uwar Illa. Daga ƙauyen Afala ta zo ganin likita, ita ta riga kowa zura hannu a alkuki.

"Yawwa, ga mai rediyo," in ji Baba. "Ɗauko muna babban naka, Hamisu. Namu ba shi cin kaset. Illa ya yi magana."

Na ɗauko da murnata, har ina tsokana. "Baba, yau za mu ji Faransancin bakin teku."

Gwaggo ta buɗe hannu.

Takardar siminti. Rubutuna.



"Shekara biyu ba mu ji murya tai ba," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi. "Ga shi da ya tashi, sunan matatai ya sa anka rubuta."

"Matar wa?" na ce.

"Zaliha mana. Kai ɗakin wa kake kwana? Ɗakin aurensu na."

Ɗakin aurensu. Wato wata uku ina shafa wa wani ƙato farar ƙasa. Ni na kori awakinsa, ni na toshe masa kwano, har wuta na jawo masa don ya ga amarya da kyau.

Ku sani, ni mai gyara ne. Hanya goma na sani da zan sa rediyo ya tauna kaset ya tofar. Farce ɗaya zan sa, magana ta mutu. Har na kai hannu.

Sai na ɗaga kai na ga Zaliha.

Tana zaune bayan Gwaggo, ta ƙura wa kaset ɗin nan ido ko ƙiftawa ba ta yi. Ni ba ta taɓa kallona haka ba. Wato duk Larabar nan da nake leƙenta ta labule, muryar Illa take lalube.

Fushi ya rufe mini ido. Na ce to, bari kowa ya ji.

Na danna.

"Assalamu alaikum, Zaliha. Ɗan Ingilishinki ne."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama.

"Na rasa ta inda zan fara. Tun ranar da kika ce mini ba a cewa batir, ban ƙara barcin kirki ba..."

Nan take fushin ya sake ni, hankalina ya dawo. Na kai hannu zan kashe. Baba ya damƙe mini wuyan hannu, hannun mai ɗaga buhun albasa.

"Nan gidan ba a katse ma mai magana," ya ce. "Kaset in anka buɗe shi, sai ya ƙare."

Rabin awa, jama'a.

Da soyayya kaɗai na zuba a ciki da da sauƙi. Amma ni ne. Bakina ba ya tafiya minti biyar bai karkace ba. Sai ga muryata tana kwaikwayon kakin da Baba yake yi in yana alwalar asuba, wai kamar injin ban ruwa da ya sha yashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa.

Sai ga ni kuma: "Shi kuwa mai ɗakin nan, Illa yake ko wa, a gaishe shi. Mutumin da ya bar wa awaki gadonsa, ko tabarma bai cancanci a ba shi ajiya ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

A ƙarshe muryar ta yi ƙasa. Na ma manta na faɗi wannan. "Ni baƙo ne, ba ni da kowa a garin nan. Amma duk sanda na dawo daga kasuwa na ji muryarki a tsakar gida, sai in ji kamar gida na dawo. In kin yarda, in aika Kano manyana su zo."

Rediyo ya yi ƙas, ya tsaya.

Zaliha ta tashi ta shige ɗaki.

"Alhusaini," in ji Gwaggo. "Ɗana shina can shina ɗaukar kaya bisa kai cikin ruwan sama, kai ka aje mai ɓarawo cikin ɗaki nai. Ka ba shi hura, ka ba shi tuwo. Mi na yi maka?"

"Gwaggo, ɓarawo kuma?" na ce. "Me na sata? Kashin awaki na fitar, shi ma yana bayan gida in ana so."

"Ka ji ko? Ka ji bakin 'yan Najeriya?"

"Ni dai da an gaya mini tun ran farko..."

"Hamisu." Baba bai ɗaga murya ba. "Wa ka tambaya?"

Bai jira amsata ba.

"Ka shigo gidan mutane, ka ga ɗiya, ba ka tambayi kowa ba ko da magana bisa kanta. Can garinku haka a kai?" Ya saki hannuna. "Juma'a ka bar ɗakin ga. Rediyon kuma ka bar muna shi nan, muna da aiki da shi."

Kun ji fa. A kore ni, kuma a ari rediyona.

*

Washegari da hantsi ina ɗaure kaya, na ji motsi a bakin ƙofa. Zaliha ce, ta tsaya daga waje, idanunta sun kumbura.

"Madam Illa," na ce. "A shigo mana, ai ɗakinki ne. A duba aikin, in akwai inda bai yi ba a gyara kafin ango ya sauka."

"Ka san kaset ɗinka na tun kahin ka danna."

"Na sani."

"Ka san yadda za ka hana shi magana."

"Na sani."

"To don mi?"

Na jefar da igiyar hannuna. "Don na ga yadda kike kallonsa. Wata uku kina kawo mini rediyon da lafiyarsa ƙalau, kina ce mini ɗan Ingilishi, kina aiko mini da fura mai sanyi. Ashe ni maigadi aka ɗauka, mai share wa ango ɗaki. Ko sau ɗaya kin ce mini, Hamisu, akwai magana a kaina?"

"Kai ko sau ɗaya ka tambaye ni?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kullum waya ja, waya baƙa. In ce maka mi? In tare ka a zaure in ce kar ka so ni, alhali ba ka ce kana so ba?"

"Ai kin ji yanzu."

"Na ji. Ni da unguwa duka." Ta ja numfashi. "Yau da sahe na tahi famfo, mata na ganina sunka fara kaki irin na Baba. Ubana, Hamisu. Mutumin da ya ba ka ɗaki ba ka da kowa."

Wannan ta shige ni.

"Ba wanda ya tilasta mini Illa," ta ce. "Ni na ba shi magana da bakina, shekara huɗu ke nan, nan cikin zauren ga. Ya ce damina biyu zai yi. Kaset uku ya aiko, daga nan shiru. Masu komowa wani ya ce ya gane shi, wani ya ce ya wuce gaba. Ka san abin da nike lalube cikin alkuki?"

"Muryar masoyi."

"Ko ya hwaɗi ranar zuwa, ko ya ce ya sake ni. Ɗaya daga ciki. Tun da ka zo gidan ga, na biyun nike roƙo." Ta rufe baki da mayafi, kukan ya ƙwace mata. "Jiya da na ga kaset, na ce Allah ya sa ita ce. Shi ya sa na kasa ɗauke ido. Kai kuma ka duba ka ga abin da ranka ya ba ka."

Na matso. Ta ja baya.

"Zaliha, wallahi ban..."

"Da ka bari, da na san yadda zan bi da Baba a hankali. Yanzu Gwaggo ta rantse ba ta komawa Afala sai ta ga bayanka. In na buɗe baki, a ce ɗiyar Alhusaini ta ci amanar ɗan'uwanta don baƙo."

"To ni ya zan yi?"

"Kai ka san yadda ake dannawa," ta ce. "Ka san kuma yadda ake gyara, in ji mutane."

Ta juya ta tafi.

Na zauna a kan ƙullin kayana, ina jin haushin Illa, da Gwaggo, da alkuki, da wanda ya fara kawo kaset duniya. Na fi jin haushin yatsana. Kafin azahar na yanke shawara. Asabar akwai motar Kwanni. Kano ba ta kore ni ba, kuma a can in mutum ya yi wa yarinya kaset ba a tara masa unguwa.

*

Ran Juma'a na cire labulen Innata, na naɗe. Wayar wuta na bar musu, ango ya ji daɗi. Na ɗora kaya a kan amalanke.

Baba yana zaune a zaure, rediyona a gabansa. Na durƙusa.

"Baba, maganar kakin nan..."

"Kwaikwayon bai yi ba," ya ce, fuskarsa a ɗaure. "Nawa ya hi haka ƙarfi." Ya turo mini rediyon da ƙafa. "Kaset ɗinka na ciki. Mu nan ba mu riƙe ma mutum kaset ba amsa. Ka juya bayanshi."

A shago na sauke kaya, tsakanin gawarwakin rediyoyin mutane. Ana dawowa daga masallaci na ja ƙofa, na juya kaset, na danna. Wannan karon sai da yatsan ya yi gardama.

Gwaggo ce ta fara. Ba zan maimaita ba. Ta fara daga kaina, ta bi ta kan Fagge, ta gama da Najeriya baki ɗaya. Minti goma ba ta haɗiye yawu ba. Na ce lallai Illa da dalilinsa na yin nisa.

Sai Baba. "Hamisu, ka yi wauta, ka kuma yi rashin kunya. Ɗaki na Illa na, ba ka komawa ciki. Amma maganar da ka yi, ba ni anka yi wa ita ba. Wadda anka yi wa ta amsa da bakinta, gaban kowa, kamar yadda ta ji gaban kowa."

Ina jin kukan akuya daga nesa, ina jin ɗaya daga cikin tsofaffin abokan zamana ce.

"Ni ce Zaliha."

Ta ci gaba, ba ta tsaya ba.

"Jiya mun yi ma Illa kaset, motar Laraba za ta tahi da shi. Na ce mai na jira shekara huɗu, ban ci amana tai ba. In ruwan farko ya sauka bai zo ba, na kwance maganata, Baba shaida, Gwaggo shaida."

"Ni ban shaida ba," in ji Gwaggo daga baya. "Kuma shina tahe. Ko a ƙasa ne sai ya zo."

"Kai kuma ɗan Ingilishi," Zaliha ta ci gaba, "ban ce maka e ba, ban ce maka a'a ba. Na san halinka, yanzu haka ka ɗaure kaya kana tambayar motar Kwanni. To ka ji. Na gaji da mazan da ke magana cikin kaset su ɓace. In ruwan ya sauka kana Tawa, ka zo zaure da manyanka, ka yi magana da bakinka. In kuwa ya sauka kana Kano, kar ka aiko. Na sa a toshe alkukin."

Ƙas.

Wata huɗu ya rage kafin damina, ga zafin ƙasar nan ta Adar yana tafe, ga shagon nan ko taga babu, ga kuma wani ƙato a bakin teku da za a kai wa sammaci ran Laraba.

Mai shago ya turo ƙofa ya leƙo, ya ga ƙullin kaya.

"An ce gobe za ka tahi?"

"Wa ya ce?" na ce. "Mutanen garin nan da ƙarya. Miƙo mini hamar can, Alhaji, da ƙusa biyu."

Na kwance ƙullin, na zaro labulen Innata mai shuɗin fure, na hau kan benci ina neman inda bangon zai riƙe.